Ƙauyen Holan da na zana a kan tagulla

Daminar da ta wuce na shiga wani ɗan aji a Amsterdam inda ake koyar da zanen tagulla irin na su Rembrandt, shahararren mai zanen nan na Holan, ka shafa kaki a faranti, ka zana da allura, ka tsoma a asid ya ci inda allurar ta bi, sai tawada, sai a matse shi kan takarda mai ɗanshi. Na ce ni ƙauye zan yi, na hau keke na bi gaɓar kogin Amstel har na samu wani gidan gona, shanu na kiwo, bishiyu a jere.

Na farko ya lalace wallahi, na bar shi a asid ya daɗe, layukan suka yi kauri, kuma na manta komai a juye yake fitowa, gidan da ke dama ya koma hagu. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Malamarmu ta tambaye ni ina dattijon da ke tura baron taki cikin ruwan sama, wanda ta gani a hoton wayata. Na cire shi, na cire falwayar lantarki, ban ma san na yi ba.

Sai ta ɗauko min zane-zanen wani mai zane ɗan Holan, Claes Jansz Visscher, na wajen 1611, na kewayen birnin Harlem na Holan, ya sa musu suna wurare masu daɗi. Mutane na yawo hankali kwance, ga filin shanya lilin, ga mashaya a bakin hanya. Har kangon Huis ter Kleef yana ciki, gidan da Sifaniyawa suka rushe a 1573 bayan sun yi wa Harlem ƙawanya, amma a takardar ya zama wurin shaƙatawa. An tsagaita wuta tsakanin Holan da Sifaniya a 1609, kuma masu sayen zane-zanen nan 'yan birni ne masu kuɗi, ƙauyen da suke so su gani aka ba su.

Abin ya taɓa ni sosai don ni ɗan manomi ne, na san ciwon bayan da noma ke sa wa mutum, amma da na riƙe allura sai hannuna ya bi son 'yan birni.

Na sake farantin. Wannan karon minti kaɗan na ba asid ina duba shi, na mayar da dattijon da baronsa a gaba, ƙafarsa cikin taɓo, shanun suna can baya.