Fankar ɗakin Hajiya

Asabar, tsakiyar bazara.

Yau na ƙarasa aikin fankar ɗakin Hajiya, wato sa ta riƙa canza gudunta da kanta gwargwadon zafin ɗaki. Kukanta kullum ɗaya ne: da daddare zafi ya sa ta murɗa fanka zuwa ƙarshe, gab da asuba gari ya yi sanyi, ta tashi da ciwon jiki, ga batirin sola ya zuƙe a banza.

Kayan ba su da yawa. Ƙaramin allon kwamfuta ESP32, na'urar auna zafi DHT22, da rile guda uku, wato makunnan wuta da allon ke kunnawa da kashewa. Waya da kafasita, abin da zai rage ƙarfin wutar da ke zuwa fanka, kuwa a Sabon Gari na samo. Ɓangaren wutar gida mai wayarin unguwarmu na bar wa, don bolt 230 ba abin gwaji ba ne.

Shi ya so mu sa irin madannin nan na rage hasken ƙwai, wai ya fi sauƙi. Na ƙi. Wannan yanka wutar yake yi gunduwa-gunduwa, sai injin fanka ya dinga gurnani, a ɗakin da ake son barci. Regileta mai kafasita ba ta haka: ƙaramar kafasita ta ba da gudu kaɗan, babba ta ƙara, lamba ta ƙarshe wuta ta wuce kai tsaye. Rile ɗin nan aikin hannun mai murɗawa kawai suka karɓa.

Abin da ya cinye mini yamma shi ne tsara lokacin canji. Na sa lamba uku daga digiri 34, lamba biyu daga 30, ƙasa da haka lamba ɗaya. Amma in zafi ya tsaya a bakin 30, yana ɗan hawa yana sauka, rile zai yi ta ƙas-ƙas har gari ya waye. Sai na bar tazara: ba za ta sauko ba sai zafi ya ragu da cikakken digiri ɗaya, ya kuma zauna a haka minti 10. Na'urar aunawar ma na nisanta ta da bangon yamma, domin bulo na riƙe zafin rana har tsakar dare. Da manhajar ESPHome na rubuta komai a cikin allon, ko babu intanet yana aiki, in an ɗauke wuta aka dawo da ita ya ci gaba.

Bayan magariba na nuna wa Hajiya. Ta kalli silin, ta kalle ni.

"To Abba, in ni zafi nake ji, shi kuma ya ce sanyi ake yi fa?"

"Hajiya, maganarku ce gaba."

Gaskiyarta. Fanka ba ta sanyaya ɗaki, gumi take busarwa, kuma allo bai san wanda ya dawo daga kicin ba. Na ƙara maɓalli a gefen gadonta, in ta danna, zaɓinta zai tsaya har safe. In damina ta sauka zan shigar da laimar iska cikin lissafi, tunda DHT22 na auna ta.