Gyaran ɗakin haya ba tare da ƙusa ko gam ba

Aikin koyarwa ya sa na zauna a ɗakin haya uku tsakanin ƙauyukan Ringim da na Gumel, kuma ko'ina sharaɗin mai gida iri ɗaya ne. Na ƙarshen, wani dattijo, ya dafa bango ya ce, "Malam, don Allah ban da ƙusa. Wanda ya tashi ya bar mini shi kamar rariya." Na ce, "To Baba, in sha Allahu." Da gaskiyarsa. Ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, irin shafen da ba ya kama ƙasa sosai. Ka buga ƙusa ɗaya, sai ɓawo mai faɗin tafin hannu ya ɓamɓaro. Tun daga nan duk abin da zan sa a ɗaki, ko dai ya rataya daga katakon rufi, ko ya tsaya da ƙafarsa a ƙasa.

Kafin kaya su shiga, ka kira mai gida ku duba ɗakin tare, ka ɗauki hoton kowace tsaga da wayarka. Ranar tashi za ka ga amfaninsa.

Da ƙasa nake farawa. Ledar ɗaki yawanci faɗinta ƙafa 6 ne, ana sayar da ita yadi-yadi, yadi ɗaya kuma ƙafa 3. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe yana cin falle biyu masu yadi 4, wato yadi 8. Ka ƙara rabin yadi, don ɗakin ƙauye da wuya ka same shi a miƙe. Kada ka yarda mai shimfiɗa ya shafa gam; ranar cirewa da fatar daɓen za ta taso. Nauyin gado da kujera ya isa ya riƙe ta, inda fallayen suka haɗu kuwa sai ka ɗora ɗaya kan ɗaya da kamar yatsa uku, ka manne su da faffaɗan salatif ta ƙarƙashi, leda da leda, ba leda da daɓe ba.

Abin da ke kashe leda da wuri tsakuwa ce. Ƙwaya ɗaya in ta rage a ƙasa, mako biyu ta huda. Ka share sau biyu, ka bi da tafin hannu. Inda daɓe ya fashe na cike da yashi mai laushi, na shimfiɗa buhunan taki da na farke na wanke. A ɗakina na farko kwali na sa a ƙarƙashi don taushi, ashe abinci na ajiye wa gara: damina ɗaya ta cinye shi, ta hau ƙafar gado. Buhun roba ba ta cin sa. In da hunturu ka sayo ledar, ka bar ta a rana kamar awa ɗaya kafin ka warware, domin sanyi na sa ta ƙage, tana lanƙwasawa sai ta karye. Ƙafafun gado kuma a sa musu guntun tayal ko murfin roba. A watan Agusta ka ɗaga gefe ɗaya lokaci-lokaci ƙasa ta sha iska, in ba haka ba danshi ya taru, ɗaki ya riƙa warin rima.

Bango shi ne inda mutane suka fi ɓata kuɗi. Takardar bangon nan mai gam da ƙugiyoyin mannawa na roba an yi su ne don bango mai santsi da fenti mai kyau. A kan farar ƙasa ba sa kamawa, in sun kama kuma zafin Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano yana narkar da gam ɗin, ka wayi gari agogo a ƙasa. Yadi ya fi su. Atamfa faɗinta bai kai ƙafa 4 ba, turmi kuma yadi 6 ne. Bango mai faɗin ƙafa 12 da tsayin ƙafa 9 yana buƙatar falle huɗu masu yadi 3, turmi biyu ke nan, har da ɗan tattara. Ba sai mai tsada ba. Ta roba mai araha a Kantin Kwari ta wadatar. Bango ɗaya kawai nake rufewa, wanda ido ke fara sauka a kai in an shigo. In ka rufe duka huɗun, ɗaki ya zama kamar cikin akwati, zafi ya ƙaru, kuɗi ya tafi.

Tela zai naɗe saman ya bar hanyar da sanda za ta wuce. Gora miƙaƙƙiya nake sa wa, in ɗaure ta da igiya daga katakon rufi a wuri huɗu. Igiya zalla ba tare da sanda ba tana yin ciki a tsakiya, wayar ɗauri kuma tana tsatsa ta ɓata yadin. Ka bar tazarar yatsa huɗu tsakanin yadi da bango, ƙasansa kuma kada ya taɓa leda. Dalili biyu ne: bangon ƙasa yana jiƙa daga tushe da damina, sannan bayan labule wurin ɓuyar kunama ne, gara ka iya leƙawa da tocila.

In ɗakin yana da silin, babu katakon ɗauri, sai ka nemi bokitin fenti biyu na lita 20, ka tsayar da katako tu-bai-tu a kowanne, ka cika da yashi ka danna, ka gitta gorar a sama. Ba ya motsi, sai dai in yara sun mai da shi lilo.

Wanda ba shi da silin kuwa, kwano tsirara, buhuna ne maganinsa. A farke, a wanke, a haɗa su da babbar allura ko a kai wa mai ɗinkin buhu, a ɗaure a katako kowace ƙafa 3 don kada ya zubo. Yana tare ƙurar hunturu, yana rage hucin kwano. Amma ka bar kusurwa ɗaya da za ka iya kwancewa, domin ƙura da kashin ɓera suna taruwa a sama. Kuma wajibi ne ƙwan lantarki da wayarsa su yi nesa da buhun. Haka maganin sauro na kunnawa da kaskon turare: tsakiyar ɗaki, nesa da yadi. Atamfar roba ba ta jira.

Kantar ajiye kaya ba ta buƙatar kafinta. Bulo shida da falankin katako biyu sun ba ni hawa biyu na littattafai da rediyo, na lulluɓe bulon da ragowar atamfa. Taga kuma, ragar sauro na sa kafinta ya yi wa firam daidai bakin tagar, na cusa, na toshe gefe da tsumma.

Adon kansa a kasuwar ƙauye na same shi. Faifai masu launi guda biyar, manya da ƙanana, na zura wa kowanne zare mai ƙarfi na rataye daga gorar nan, suka kwanta a kan yadin. Kada ka soke su da fil a jikin atamfar, nauyinsu zai ja ta ya yage. Madubi ma daga gorar yake rataye, amma shi da igiya biyu, kusa da inda aka ɗaure ta da katako, don a nan ta fi ƙarfi.