Tasha biyu a ƙauyen da bai kai mutum 200 ba

Mahaifina tsohon ma'aikacin reluwe ne, a Zariya muka tashi, kuma tun ina yaro na saba jin sunayen tashoshi a bakinsa kamar yadda wasu yaran ke jin sunayen dangi. Saboda haka da karatu ya kai ni Glasgow, a yankin Sikotland da ke arewacin Birtaniya, abin da ya fi ɗaure mini kai a watannin farko shi ne yawan tashoshin jirgin ƙasa. Garin da a wurinmu za a kira shi unguwa sai ka tarar yana da tasha uku, kowace da sunanta da dandamalinta da allon jadawalinta.

Da aka yi hutun ƙarshen zango na sayi littafin rubutu, na raba kowane shafi gida uku: sunan gari, yawan mutanensa bisa ƙidayar hukuma, da yawan tashoshinsa. Abin da nake nema shi ne garin da ya fi kowane yawan tasha idan aka auna da mazaunansa, wato a raba mutane da tashoshi a ga mutum nawa ne ya faɗo kan kowace ɗaya. Na fara da garuruwan da ke kusa da ni. Coatbridge, tsohon garin narka ƙarfe da ke gabas da Glasgow, yana da tasha shida ga mutum dubu 40 da 'yan kai, kusan mutum 7,000 ke nan ga kowace tasha. Helensburgh, a bakin ruwan Clyde, yana da uku ga mutanen da ba su kai 15,000 ba. Ardrossan kuwa, a gaɓar teku ta yamma, uku ne ga mutum 10,000 da ɗoriya, kuma na kwana biyu ina ganin shi ne zakara.

Da na faɗaɗa lissafin sai ya fara kwance mini. Tsohon birnin Landan na ainihi, wanda faɗinsa bai wuce murabba'in mil ɗaya da kaɗan ba, mazaunansa kusan 8,600 ne a ƙidayar 2021, amma a cikinsa akwai Liverpool Street da Fenchurch Street da Cannon Street da Blackfriars da Moorgate da City Thameslink, ban da tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa. A takarda ya doke Ardrossan nesa ba kusa ba, alhali kowa ya san ba don masu kwana a wurin aka gina tashoshin ba, don ɗimbin ma'aikatan da ke shigowa da safe su fice da yamma ne. Ƙasar Vatican ta Fafaroma tana da mutane wajen 800 da tasha ɗaya, wadda aka gina bayan yarjejeniyar 1929 da Italiya, sai dai babu mai zuwa aiki ta cikinta kullum. Sannan ga Corrour a tsakiyar tsaunukan Sikotland, tashar da ta fi kowace tudu a manyan layukan Birtaniya, mita 408 sama da teku, wadda ko hanyar mota ta jama'a ba ta kai gare ta, kuma babu wani gari a kewayenta da za a ƙirga mutanensa balle a raba. A nan na fahimci cewa amsar tana hannun wanda ya shata iyakar gari da wanda ya yanke abin da za a kira tasha, kuma duk wanda ya ce maka gari kaza ne na ɗaya, ka fara tambayarsa da wane mudu ya auna.

Nawa mudun shi ne: wurin ya zama gari ko ƙauye mai zaman kansa, ya kasance yana da tasha biyu ko fiye, kuma jirgin fasinja na yau da kullum yana tsayawa a cikinsu. Da na tankaɗe da wannan, sai wani ƙauye mai suna Tyndrum ya rage a rariya. Mutanensa ba su kai 200 ba a ƙidayar 2001, tashoshinsa biyu, wato kowace tasha ba ta samu mutum 100 ba, kuma an san shi da cewa shi ne wuri mafi ƙanƙanta a Birtaniya mai tasha fiye da ɗaya.

Gani ya kori ji. Na fara leƙa Ardrossan a wata Asabar, na sauka a tashar South Beach, na taka zuwa tashar Town, na ƙarasa tashar Harbour, duk kafin ƙafata ta san ta yi tafiya. Ta farkon tana kan iyaka da garin Saltcoats, don haka wasu daga cikin fasinjojinta ba ma 'yan Ardrossan ba ne; ta ƙarshen an ajiye ta ne a bakin ruwa saboda masu shiga jirgin fito zuwa tsibirin Arran; ta tsakiyar kuwa an taɓa rufe ta a 1968, sai a 1987 aka sake buɗewa. Na dawo gida na sa alamar tambaya a gefen lambar da na rubuta.

Tafiyar Tyndrum a watan Yuni na yi ta, daga tashar Queen Street ta Glasgow, tafiyar awa biyu ko kusa da haka. Layin yana bin gefen Clyde, ya wuce tashar sama ta Helensburgh, ya hau jikin tsauni, ya bi bakin tafkin Lomond, har ya isa mahaɗar Crianlarich. Abin da na karanta amma ban riƙe ba shi ne cewa jirgin da na hau jirage biyu ne a haɗe, kuma a Crianlarich ake raba su: rabi ya nufi Oban, rabi ya nufi Fort William da Mallaig. An faɗa a lasifika, ni kuwa hankalina yana kan taga ina ɗaukar hoton tafki. Da mai duba tikiti ya zo ya tambaye ni inda zan sauka, na ce masa Tyndrum, ya gyaɗa kai ya wuce, kuma bai yi kuskure ba, domin kowane rabi yana tsayawa a Tyndrum, tashar ce kawai ta bambanta. Niyyata in sauka a ta sama, in gangaro cikin ƙauyen, in dawo ta ta ƙasa. Sai da na ji taragon ya ɗan girgiza, na leƙa na ga sauran taragun a tsaye a dandamali mu kuma muna tafiya, sannan na gane a rabin Oban nake. Ta tagar dama ina hango layin da na so bi yana ta hawa a jikin tsaunin da ke ɗaya gefen kwarin, mu muna ƙasa muna bin rafi.

Haka na sauka a Tyndrum Lower, wato ta ƙasa. Dandamali ɗaya ne tak, da 'yar rumfar fakewa, da allon jadawali, babu mai sayar da tikiti, babu ma'aikaci ko ɗaya. Mu biyar muka sauka, kuma huɗun duk da manyan jakunkuna a baya da sanduna a hannu da takalman hawan dutse. Kafin jirgin ya ɓace a cikin itatuwa sun kama hanyarsu. Na tsaya zan rubuta lokacin saukata a littafi, sai wasu ƙananan ƙwari masu cizo, waɗanda ba su kai ƙwayar gero ba, suka yi mini rubdugu a fuska da wuyan hannu, har na rufe littafin ba shiri. Sauron Zariya yana da kunya idan aka kwatanta shi da su, domin shi yakan jira dare.

Daga nan zuwa ta sama na yi kusan minti 20 a ƙafa. Hanyar tana fita zuwa babban titin mota, inda ƙauyen gaba ɗayansa yake a shimfiɗe: otal-otal, wuraren cin abinci, gidan mai, filin kafa tanti, da 'yan gidaje a baya. Daga titin sai a kama wata siririyar hanya mai hawa da ta sa ni haki. Tashar ta sama ta fi ta ƙasa kyau, dandamalinta yana tsakanin layi biyu don jirage su iya wuce juna, ana shiga ta wata 'yar hanya a ƙarƙashin dogo, kuma tsohon gininta mai faffaɗan rufi yana nan. Daga can ana ganin kwarin duka. Wanda ya ce sai a jirgi zai je daga wannan tasha zuwa waccan, dole ya koma Crianlarich ya canza, tafiyar kilomita 16 ke nan a kan abin da na taka a minti 20.

A kan bencin dandamalin nan ne, da taswira a cinyata, dalilin ya fito mini fili. Kamfanoni biyu ne suka shimfiɗa layukan, kuma ba don mutanen Tyndrum ko ɗayansu ya zo ba. Na farko, kamfanin layin Callander zuwa Oban, wanda babban kamfanin Caledonian ke gudanar da jiragensa, ya iso ƙauyen a 1873, kuɗi suka yi masa ƙaranci ya tsaya a nan na 'yan shekaru, a 1877 aka matsar da tashar inda take a yau, layin kuma bai kai Oban ba sai 1880. Shi yamma ya nufa, don haka ya bi ƙasan kwari. Na biyu, layin West Highland mai goyon bayan kamfanin North British, abokin hamayyar Caledonian, an buɗe shi a 1894, kuma shi arewa ya nufa, inda sai ya haye wani tudu jim kaɗan bayan Tyndrum kafin ya tunkari dajin fadamar Rannoch. Jirgin ƙasa ba ya hawan tudu farat ɗaya, sai ya faro daga nesa, shi ya sa tun daga Crianlarich layin ke ɗagawa, kafin ya iso ƙauyen ya riga ya yi sama da na farkon ta yadda ba za su iya raba dandamali ɗaya ba ko da sun so. Ba su ma so ba. An haɗa layukan biyu da ɗan guntun dogo a Crianlarich a 1897, amma sun ci gaba da zama a hannun kamfanoni daban-daban har zuwa 1948 da gwamnati ta karɓe jiragen ƙasa gaba ɗaya. Da duwatsu suka zabtaro suka toshe tsohon layin Callander a Glen Ogle a 1965, ba a gyara shi ba, tunda dama yana cikin jerin waɗanda za a rufe, sai jiragen Oban suka koma bin layin West Highland daga Glasgow. Rabuwar da ta ruɗe ni a Crianlarich daga nan ta samo asali.

Ko sunayen biyu suna da labari. Ta ƙasa Tyndrum Lower ce, ta sama kuwa Upper Tyndrum, an juya kalmomin da gangan, saboda direbobi a layin ta rediyo suke karɓar izinin tafiya daga ɗakin kula da zirga-zirga da ke Banavie, kuma idan sunaye biyu suka fara da kalma ɗaya, kunne na iya yin kuskuren da a layi mai dogo ɗaya ba ƙaramin haɗari ba ne.

Sai jadawalin ya ƙarasa rusa lissafina. Jiragen da ke tsayawa a ta sama a yini, kowace fuska, ana ƙirga su da yatsun hannu ɗaya, ciki har da jirgin kwana da ke tasowa daga Euston ta Landan zuwa Fort William. Ta ƙasa ta ɗan fi ta, amma ba da yawa ba. Mutumin wata unguwa a gefen Glasgow, mai tasha ɗaya tilo ga dubban mutane, jirgi yana zuwa masa duk rabin awa ko ƙasa da haka, ɗan Tyndrum mai tasha biyu kuwa idan ya makara da minti ɗaya sai ya nemi wurin zama na awanni. A ganina na Glasgow ɗin ne mai jirgi. Waɗanda na gani suna hawa da sauka a Tyndrum ranar nan kusan duk baƙi ne, masu bin doguwar hanyar ƙafa ta West Highland Way mai kilomita 154, wadda ta ratsa ƙauyen a tsakanin Milngavie da Fort William, da masu zuwa hawan tsaunin Ben Lui. 'Yan garin, iya waɗanda idona ya gani, a motocinsu suke shiga da fita.

Kafin jirgin komawa ya iso na kira mahaifina. Na ce, "Baba, ga ni a ƙauyen da bai kai layinmu yawan mutane ba, amma tasharsa biyu." Na ba shi labarin kamfanonin. Ya yi dariya ya ce, "Ai kishiyoyi ne, kowace sai ta yi ɗakinta. Mu nan gwamnati ɗaya ce ta shimfiɗa dogo, ba ta da kishiya, shi ya sa Zariya da take mahaɗa, ga layin Kano ga na Ƙauran Namoda, tasha ɗaya ta ishe ta." Sannan ya tambaye ni abin da ban rubuta a littafina ba: jirgi nawa ne ke tsayawa a rana, kuma yana zuwa a kan lokaci?

Na ja layi na huɗu a shafin tun ina kan bencin, na rubuta yawan jirage a samansa. Jirgin Fort William ya shigo, na hau, muka gangara kilomita takwas zuwa Crianlarich, muka tarar da rabin Oban, wanda ya ɗebo nasa fasinjojin daga tashar ƙasa. Na fito dandamali na tsaya tare da wasu yara biyu da mahaifinsu muna kallon yadda ɗaya ke matsowa a hankali har ƙarafan suka kama juna da ƙara, ma'aikaci ya duba ya ɗaga hannu, muka koma ciki. A hanyar Glasgow na soma cike sabon layin daga jadawalin da ke wayata, kuma kafin mu wuce tafkin Lomond Tyndrum ya sauko daga saman shafin zuwa can ƙasa, Coatbridge ya haye.