An ce an gan shi a Alaba Rago

Makon da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, daga 1 ga Yuni, 2022, ɗan yayata ya fita da babur daga Idi-Araba bai dawo ba. Waya a kashe. Surulere, da ke dab da Idi-Araba, na cikin wuraren da dokar ta shafa, don haka kowa ya ɗauka kama shi aka yi.

Muka buɗe rukunin WhatsApp, 'yan garinmu na Agege da Mile 12 da Ijora duk suka shigo. Rabon wurare bai ba mu wahala ba. Abin da ya cinye mu shi ne saƙon murya. Wani ya turo cewa an gan shi a Alaba Rago, kasuwar da ke kan hanyar Badagry. Da la'asar wani mai shayi ya faɗi haka, da dare kuma wani direban tirela. Bakin mutum uku! Muka janye kowa daga inda aka tura shi, muka kwashi hanyar Badagry cikin cunkoso, kuɗin mota kuwa kada ma a yi zancensa. Babu shi babu labarinsa.

Sai da muka bi zancen baya-baya muka tarar tushensa ɗaya ne: wani ɗan rukuninmu ne ya ce "wataƙila Alaba Rago ya nufa" a bakin masallaci. Zancen ya zaga gari ya dawo mana babu "wataƙila". Har gobe abin na ci mini rai, domin wanda aka tura Mushin ya kusa isa wurin da yaron yake sa'ad da muka kira shi ya juyo.

Daga nan na kafa doka. Duk mai kawo labari ya faɗi wa ya gaya masa, kuma shi wancan da idonsa ya gani ko ji ya yi. Wanda ya je wuri bai samu komai ba, shi ma ya rubuta, don kada wani ya sake zuwa. Mutanenmu ba sa son ba da rahoton "ban samu ba", gani suke kamar gazawa ce. Mutum ɗaya ke riƙe da jerin, a rubuce.

A wani ƙaramin asibiti aka same shi, da karaya a ƙafa. Da ya gan ni cewa ya yi, "Kawu, ina babur ɗin?"