Godiya ga waɗanda suka yarda ba raki nake ba

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi na koma bakin aiki bayan fama da ciwon jikin da ake kira fibromiyaljiya, har ina iya tsayuwa a gaban allo in gama darasi ban nemi kujera ba. Tunda a bainar jama'a aka yi ta yi min sannu, a nan ya kamata in yi godiya.

Na kusa da ni sun san yadda aka sha fama. Ciwo ko'ina: wuya, kafaɗu, gadon baya, ƙugu, cinyoyi. In kwana ina barci, in tashi kamar wadda ta yini tana daka. Ga mantuwa, sunan ɗalibata ma sai ya ɓace min. Aka yi ta maganin maleriya da taifot, wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce sammu. Gwajin jini lafiya lau, hoton ƙashi lafiya lau. Kuma da zarar takarda ta ce lafiyarki ƙalau, sai a fara yi miki kallon mai son jiki. Wannan ya fi ciwon kansa ci min rai.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga likitan cututtukan gaɓoɓi da ya duba ni a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai da ya saurare ni tsaf, ya sa aka bincika ciwon tayirod (wani ƙullutu ne a maƙogwaro) da amosanin gaɓɓai da lufus (ciwon da garkuwar jiki ke afka wa jikin kansa), duk babu, sannan ya ce fibromiyaljiya ce. Ya yi min bayani cewa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi, shi ya sa ba ta fitowa a jini ko a hoto. Ana gane ta ne idan ciwo ya game jiki ya haura wata 3, ga gajiya, ga barcin da ba ya hutarwa. Tana kama wajen mutum 2 zuwa 4 cikin 100, mata sun fi yawa. Ba ta cinye gaɓa, ba ta kisa, amma lallaɓa ta ake yi, ba warkewa take gaba ɗaya ba.

Ya dakatar da ni daga diclofenac, maganin rage ciwon da nake ta sha, ya rubuta amitriptyline kaɗan da daddare. Don Allah kar wata ta karanta nan ta wuce kemis, a bari likita ya rubuta. Sai ma'aikatan sashen gashin ƙashi, da suka dage sai na riƙa motsa jiki a hankali. Da farko na ɗauka mugunta ce, ashe tattakin bayan Asuba ne ya fi komai yi min amfani.

Maigida, Allah Ya saka da alheri, ko sau ɗaya ba ka ce min raki nake ba. Yaya, abokiyar zamana, kin karɓi girkina da wankan yarana ba gori ba habaici. Ban da bakin gode miki. Hajiya, Allah Ya ƙara girma, addu'arki ta isa. Malaman makarantarmu da suka raba darussana a tsakaninsu, Allah Ya bar zumunci.

Masu aiko min da sassaƙe da jiƙe-jiƙe, na san ƙauna ce, na gode ƙwarai, amma a dakata haka, kicin ɗina ya cika. Ina ci gaba da zuwa asibiti duk ranar da aka ba ni. Allah Ya bai wa duk marasa lafiyarmu, na gida da na asibiti, lafiya mai ɗorewa.