Laraba: tafi ɗaya ga "ils parlent"

Darasin Faransanci na safiyar yau a ajina na CM1 a firamare gaba ɗaya ya ƙare ne a kan aikatau guda, parler, wato "yin magana". Na rubuta a allo: je parle, tu parles, il parle, ils parlent. Na ce kowa ya tafa hannu sau ɗaya a kan kowace gaɓa ta aikatau ɗin. Aji ya kaure da tafi, wasu biyu, wasu har uku. Alhali duka huɗun gaɓa ɗaya ce tal, "parl", harshe ya tsaya a kan l, shi ke nan. Sai an zo nous parlons da vous parlez ake samun gaɓa biyu, par-lons, par-lez.

Ni ban ga laifin yaran nan ba. Gaɓar Hausa baƙi ce da wasali, wani lokaci a rufe ta da baƙi guda, kamar gi-da ko kar-fe. Ba mu tara baƙaƙe biyu a ƙarshen kalma. Da yaro ya ci karo da r da l a manne, bakinsa da kansa zai cusa wasali, ka ji "parli". Ga kuma p da ba mu da ita, wasu sai su ce "farli". Ƙa'idar harshensu suke bi, kuma yana mini ciwo in ji ana kiransu daƙiƙai a kan wannan.

Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu: "Madam, in ba a faɗin -ent ɗin, don me ake rubuta shi?" Wallahi na ji daɗin tambayar. Na ce mata gado ne daga Latin, tsohon harshen da Faransanci ya samo asali daga gare shi, inda ake cewa amant, "suna so", kowane harafi a fili. Baki ya yar da su a hankali, alƙalami ya riƙe. Kuma t ɗin bai mutu ba, a juya jimlar ta zama tambaya, parlent-ils, sai ga shi ya fito. Ita kuwa e ta ƙarshe, mutanen kudancin Faransa, wajen Marsey, har yanzu suna taɓa ta, su ce par-le.

Wurin dikte, wato shifta, nan ne abin ke cizo. Il parle da ils parlent kunne ba ya raba su ko kaɗan, sai ma'anar jimla. Amma da aimer, wato "so", akwai mafita, domin s ɗin ils yana haɗuwa da wasalin gaba ya zama z: "ilem" mutum ɗaya, "ilzem" jama'a. Mun maimaita har aka kaɗa ƙararrawa, suna jan z ɗin suna dariya.

Bayan la'asar na zauna gyaran takardu, rabin ajin sun bar -ent a baya. Gobe in sha Allahu zan fara da finir, wato "gamawa", inda il finit da ils finissent ke rabuwa a kunne, kuma ba zan taɓa alli ba sai sun ji bambancin da kansu.