Ƙwan Nixie da soket ɗinsa: abin da haɗa agogo ya koya mini

Mai sha'awar haɗa agogon Nixie, wato agogon da ke nuna lokaci da ƙwayayen gilashi masu lambobi masu haske a ciki, yakan fara da tambayar wace ƙaramar kwamfuta zai sa, Arduino ko ESP32. A ganina wannan ce tambayar da ta kamata ta zo ƙarshe, domin babu abin da ya fi ta sauƙin sauyawa. Aikin ya koya mini in fara zaɓe daga kayan da ba ya bin ra'ayin kowa, wato ƙwan gilashin da soket ɗin da zai zauna a ciki. Da zarar an tsayar da waɗannan biyu, su ne za su faɗa maka ƙarfin wutar da kake buƙata, da irin transisto, har da siffar akwatin.

Kamfanin Burroughs na Amurka ne ya fito da ƙwan Nixie a 1955. Iskar niyon ce a ciki, kuma kowace lamba daga 0 zuwa 9 tana da siririyar wayarta, an jera su wata bayan wata, wadda aka ba wuta ita ce ke yin haske. Yawancin waɗanda ke hannun masu wannan aiki a yau tsofaffin kayan Tarayyar Sobiyet ne, irin su IN-12 da IN-14 da IN-18. Manyan masana'antu sun daɗe da daina ƙera su, don haka duk wanda ya fashe ya tafi ke nan. IN-12 ta samansa ake karanta lamba, ƙafafunsa gajeru ne masu tauri, soket yake so. IN-14 kuwa a tsaye yake, ta gefe ake kallonsa, ƙafafunsa wayoyi ne masu laushi da ake liƙewa kai tsaye da dalma. Ka ga tun daga nan an san ko fanel, wato allon da ake liƙa kayan wutar a kansa, zai kwanta ko zai tsaya. Wani abu kuma, a ƙwayayen nan biyu lamba 5 ɗin lamba 2 ce aka kifa. Ni tana burge ni, amma akwai waɗanda ba sa son ganinta, kuma gara mutum ya sani kafin ya saya.

A kan soket na fi daɗewa. Ƙafafun ƙwan ta cikin gilashi suka ratso, kuma wannan mahaɗa ita ce ke riƙe da iskar. Idan soket ya matse fiye da kima, ko ramukansa suka ɗan kauce, sai a tura ƙwai da ƙarfi, gilashin ya yi tsaga siririya wadda ido ba ya gani. Ƙwan zai kama a ranar, bayan wani lokaci iska ta shiga, ya mutu. Idan kuma soket ya yi sako-sako, lamba ɗaya ta riƙa ƙyaftawa, mutum ya kwana yana bincikar manhajar da ya rubuta alhali ita ba ruwanta.

Da yawa suna amfani da ƙananan maƙalai na ƙarfe ɗai-ɗai maimakon cikakken soket. Dabarar da na riƙe ita ce in zura kowane maƙali a ƙafar wani mataccen ƙwai, in sa su gaba ɗaya cikin ramukan fanel, sannan in liƙe su yana ciki. Ta haka maƙalan ke ɗaukar zaman ƙafafun, maimakon a tilasta wa gilashi ya bi su. Ramukan nakan bar su da ɗan faɗi saboda haka. Ƙafafun tsohon ƙwai sukan yi baƙi-baƙi, sai a goge su a hankali har su yi haske, ba tare da an lanƙwasa su daga tushe ba. Sannan a tuna cewa zanen ƙafafu a takardar bayanin kamfani yawanci daga ƙasa ake kallonsa. Wanda ya zana fanel yana kallo daga sama, lambobinsa za su fito a birkice.

Soket ɗin tangaran yana da kyau, amma amfaninsa ya fi yawa ga ƙwayayen amfilifaya masu ƙafa 8 ko 9, waɗanda ke da waya mai zafi a ciki. Nixie ba ya dumama komai kafin ya yi haske, don haka abin dubawa a wurinsa shi ne yadda maƙalan ke kama ƙafa su kuma sake ta.

Wuta kuwa lissafi ne. Ƙwan yana son kusan bolt 170 kafin ya kama, bayan ya kama sai ya sauka wajen 140. Sauran 30 ɗin resista ce ke ɗauka, kuma idan miliam 2 kake so, om 15,000 ke nan. Ba na tsayawa a kan takarda: nakan sa mita a ƙafafun resistar in ga ainihin abin da ke wucewa, tunda tsofaffin ƙwayaye ba su cika zama ɗaya ba. Wajen kunna lambobi da kashe su, transisto 2N3904 da ke cikin kowace durowa iyakarsa bolt 40, nan wurin MPSA42 ne mai ɗaukar 300. Wanda ya fi son aisi (IC), wato ɗan guntun da ya haɗa transistoci da yawa a cikinsa, yana da 74141 ko takwaransa na Sobiyet K155ID1. A ɓangaren da ke ɗaga wuta daga bolt 12, dayod 1N4007 yakan ruɗi mutum saboda yana jure bolt 1,000, amma ba shi da saurin da ake buƙata, UF4007 ake sawa. Kafasito ya zama na bolt 250 ko sama, kuma a haɗa masa resistar da za ta zuƙe cajinsa bayan an cire wuta, don yana iya fizgar hannu ko da agogon a kashe yake.

   Wajen riƙe lokaci aisin DS3231 nake zaɓa, kuskurensa bai fi kamar minti ɗaya a shekara ba.

Akwai kuma cutar da zaɓen kaya ba ya magancewa. Lambar da ba a kunnawa takan tara ƙura daga wadda ke ci, har wani sashenta ya daina haske. Ƙwan farko na agogo 0 da 1 da 2 kawai yake nunawa, shi ya sa nake sa manhaja ta zagaya duk lambobi goma a kowane ƙwai lokaci-lokaci. Idan lamba ta riga ta dushe, nakan ci ta ita kaɗai da wutar da ta ɗan ɗara ta kullum na wasu awanni, ina dubawa, har sashen da ya mutu ya dawo.